Hayashi Tadamasa (1853-1906): Tafintan Da Ya Zama Dillalin Zanen Ƙasarsa

A manyan gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka akwai dubban tsofaffin takardun zane na ƙasar Japan. Idan mai kallo ya matsa kusa ya dubi kusurwar wasu daga cikinsu, zai ga wani ɗan mitsitsin jan hatimi wanda bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. Galibin masu zanen sun daɗe da mutuwa kafin a buga shi. Hatimin wani ɗan kasuwa ne mai suna Hayashi Tadamasa, kuma abin da yake shaidawa shi ne ta hannun wannan mutum takardar ta bar gida ta ƙetare teku.

Hayashi ba mai zane ba ne, ba maƙeri ba ne, bai kuma fita daga ƙasarsu da dukiya ba. Jarinsa duka harshen Faransanci ne da ya koya a makaranta. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo tarihinsa a mujallarmu. Mu da muke karatun Hausa a jami'ar da ke nesa da ƙasar Hausa, musamman irina da ba a cikin harshen aka haife mu ba, mun saba da tambayar nan ta 'yan uwa da abokan arziki: in an gama, me za a ci da shi? Rayuwar Hayashi ta nuna abin da harshe na biyu kan iya ba mutum, ta kuma nuna irin kallon da mutanen gida kan yi masa bayan ya samu.

Asalinsa Da Karatunsa

An haife shi a shekarar 1853 a garin Takaoka, cikin yankin da yau ake kira Toyama. A wannan shekarar ce jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin wani hafsa mai suna Perry suka iso suka nemi a buɗe musu ƙofa, bayan Japan ta shafe fiye da shekara 200 ba ta ciniki da kowane Bature sai 'yan Holan, su ma a tashar jirgi ɗaya tak. Mahaifinsa likita ne da ya bi tsarin likitancin Holan, saboda haka yaron ya taso a gidan da aka san cewa akwai ilimi a cikin littattafan baƙi. Sunan gidansu na asali Nagasaki. Sunan Hayashi ya same shi ne yana saurayi, lokacin da wani babban ma'aikacin masarautar Toyama ya ɗauke shi ɗa, kamar yadda al'adarsu ta yarda. Mai karatu ya lura, mutanen Japan sunan gida suke fara faɗa kafin sunan mutum na kansa.

Shi kuwa Takaoka garin masu zubin tagulla ne. Tun a 1611 sarkin yankin ya kawo gwanayen zubi guda bakwai ya ba su unguwa, sana'ar ta yi jijiya, har yau kuma garin na cikin manyan wuraren da ake zuba ƙararrawar gidajen bauta da kaskon turare da tukwanen fure a Japan. Ke nan Hayashi ya san ƙamshin maƙera tun yana yaro, kuma za mu ga bai manta da ita ba.

A 1868 aka kawar da mulkin shugabannin soja, aka mayar da iko ga Sarki Meiji. Sabuwar gwamnati ta ƙuduri aniyar kamo Turawa a ilimi da masana'antu, ta umarci masarautu su aiko da samari masu basira zuwa makarantar harsunan waje da ke Tokiyo, wadda daga baya ta zama Jami'ar Tokiyo. Hayashi na cikin waɗanda aka aiko, kuma Faransanci ya ɗauka. A 1878, kafin ya kammala, aka shirya babban baje kolin duniya a birnin Faris. Wani kamfanin fitar da kayan fasaha mai suna Kiritsu Kosho Kaisha yana neman tafinta. Hayashi ya ajiye karatu ya bi su, yana da shekara 24.

Kayan Da Suka Faɗo Kasuwa

Kafin mu bi shi Faris, ya kamata mu san halin da kayan fasahar Japan suke ciki a lokacin. Gwamnatin Meiji ta raba addinin Shinto da na Buda, aka shiga tsangwamar gidajen bautar Buda, aka rufe da dama. Mutum-mutumin tagulla da ƙararrawa da suka yi ɗaruruwan shekaru suka koma kayan sayarwa, wasu ma narkar da su aka yi. Wani attajiri mai banki a Faris, Henri Cernuschi, ya isa Japan a 1871 ya tarar da wannan araha. Daga tafiyarsa ta Japan da Sin ya dawo da kaya kimanin 5,000, har da wani ƙaton mutum-mutumin Buda na tagulla da ya saya daga wani gidan bauta a unguwar Meguro ta Tokiyo. Sai da ya gina gida na musamman domin ya samu inda zai zaunar da shi. Gidan yana nan a Faris, an buɗe shi ga jama'a a 1898. Sannan a 1876 aka hana mayaƙan samurai rataya takobi. Maƙeran da suka gaji yi wa takubba ado suka rasa masu saye, shi kuma faifan ƙarfen nan da ke kare hannu tsakanin ƙota da kaifi, wanda a kansa suke nuna gwaninta, ya cika shagunan 'yan gwangwan.

Takardun zane kuwa ba su ma kai wannan daraja ba. Sunansu ukiyo-e, wato hotunan duniya mai shawagi, duniyar nishaɗi da ke wucewa. Aikin mutum huɗu ne. Mai maɗaba'a ya zuba kuɗi ya zaɓi abin da zai karɓu a kasuwa. Mai zane ya zana a siririyar takarda. Masassaƙi ya manna takardar a kan allon katako ta fuskarta, ya bi layukan da wuƙa yana cire duk abin da ba layi ba, ta yadda zanen asali kan lalace a cikin aikin. Kowane launi da allonsa, zane ɗaya na iya cin allo goma ko fiye, kuma akwai 'yar tsaga a gefen kowane allo da ake jingina takarda don kada launi ya zame daga gurbinsa. Na huɗu shi ne mabugi, wanda zai shafa launi, ya shimfiɗa takarda mai ɗan danshi, ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Babu inji a ciki ko ɗaya. Tun daga 1765 aka ƙware da bugu mai launuka da yawa, ana fitar da ɗaruruwa daga allo ɗaya. Abin da ke ciki 'yan wasan kwaikwayo ne, da 'yan kokawa, da matan gidajen shaƙatawa, da duwatsu da gadoji na hanyar matafiya. Kuɗin takarda ɗaya bai wuce na kwanon taliya da 'yan kai ba. In zan kwatanta da abin da muka sani, kamar kalandar 'yan fim ce da ake liƙawa a shagon aski. Masu ilimi da sarauta ba su ɗauke ta a bakin komai ba.

Faris

A Faris labarin ya sha bamban. Masu zane da marubuta da masu hannu da shuni sun haukace a kan duk abin da ya fito daga Japan. Sun ga yadda Hokusai da Hiroshige da Utamaro ke shimfiɗa launi ba inuwa, suna yanke hoton mutum a gefen takarda, suna kallon abu daga sama ko ta bayan reshen itace, abubuwan da makarantun zanen Turai suka hana. Sai dai akwai matsala: suna son abin da ba su iya karantawa. Ba su san wa ya yi wannan ba, wa ya riga wa, wane ne malami wane ne almajiri. Sa hannun mai zane yana nan a jikin takardar, da hatimin maɗaba'a, wani lokacin har da baitin waƙa, amma duk a idonsu ado ne kawai.

Nan ne Hayashi ya samu gurbinsa. Da aka tashi daga baje koli bai koma gida ba. Ya zauna yana 'yan ayyuka, yana karanta wa masu tara kaya sunaye da kwanan wata. Lokacin da Louis Gonse ke shirya babban littafinsa kan fasahar Japan, wanda ya fito a 1883, Hayashi ne ya taya shi karanta sa hannun masu zane da maƙera. A nan akwai abin lura. Shi kansa Hayashi ba fasaha ya karanta a Tokiyo ba. A Faris ya koyi tarihin zanen ƙasarsa, saboda tambayoyin da baƙi ke yi masa sun tilasta masa neman amsa, ya kuma samu malami a wajen Wakai Kenzaburo, tsohon dillalin kayan da, wanda yake babba a kamfanin da ya kawo shi. Duk wanda wani baƙo ya taɓa tambayarsa dalilin wata al'ada ta garinsu ya tsaya yana sosa ƙeya, ya san irin wannan makaranta.

Shi da Wakai suka buɗe shago tare, daga baya ya zama nasa shi kaɗai, a gida mai lamba 65 a titin La Victoire. Wakilansa a Japan suna bin gidaje da shagunan tsofaffin littattafai suna saye, suna aiko masa ta jirgin ruwa. Lissafin da ya rage ya nuna cewa daga 1890 zuwa 1901 ya karɓi takardun zane fiye da 150,000, ban da littattafai masu hotuna kusan 10,000. Ba ya baza kaya a fili. Yana da ƙananan ɗakuna, ya zaunar da kowane mai saye shi kaɗai, ya fito masa da abin da ya san zai kama zuciyarsa, ta yadda wani bai san abin da aka nuna wa wani ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda dillalin shanu ke ciniki a cikin hannun riga zai gane dabarar. Babban abokin gasarsa wani Bajamushe ne mazaunin Faris, Siegfried Bing, wanda ya fi shi jari da talla, har ya riƙa buga mujallar wata-wata kan fasahar Japan daga 1888 zuwa 1891. Abin da Bing ba shi da shi, harshen ne.

A watan Mayu na 1886 mujallar Paris Illustré ta keɓe fitowa guda ga Japan, Hayashi ya rubuta bayanin da Faransanci. A bangon akwai hoton wata mata cikin ado, aikin Keisai Eisen. Wani matalaucin mai zane ɗan Holan da ke zaune a Faris ya samu mujallar, ya kwafi hoton, ya ƙara girmansa ya zana shi da fenti a 1887. Sunansa Vincent van Gogh. Su kuma Claude Monet da Edgar Degas sun yi musaya da Hayashi, su ba shi zanensu ya ba su na Japan. A gidan Monet da ke ƙauyen Giverny har yau bangon ɗakuna cike yake da takardun Japan fiye da 200. Ta wannan musaya, da kuma saye, Hayashi ya fara tara zanen Faransawan zamaninsa, tun lokacin da mutanen ƙasarsu da yawa ke yi musu dariya.

Aikinsa Da Goncourt

Ga ɗalibin harshe, babu ɓangaren da ya kai hulɗarsa da marubuci Edmond de Goncourt jan hankali. Goncourt, shi da ƙanensa Jules da ya rasu a 1870, sun fara ne da tara tsofaffin zane na Faransa na ƙarni na 18, musamman irin wanda ake ƙarta a farantin jan ƙarfe. Wannan bugu kishiyar na Japan ne. A na Japan abin da ya rage a tsaye a kan katako shi ke ɗaukar launi. A na Turai kuwa ramin da aka ƙarta shi ke riƙe tawada, a goge saman farantin tas, sannan a matse takarda da inji har ta tsotso abin da ke cikin ramin. Lokacin da 'yan uwan biyu suka fara saye, an raina wannan zane ana ganin na tsofaffin sarakunan da aka tumɓuke ne, don haka suka same shi da araha. Daga baya Edmond ya ƙara da tagullar Japan da takardunta, ya cika gidansa na unguwar Auteuil, har ya rubuta littafi guda a 1881 yana bin gidan ɗaki ɗaki yana bayyana abin da ke ciki.

A ƙarshen rayuwarsa ya fitar da littafi kan Utamaro a 1891, da wani kan Hokusai a 1896. Goncourt bai iya karanta ko harafi ɗaya na Japananci ba. Tarihin masu zanen, da gabatarwar littattafansu, da rubutun da ke jikin hotuna, Hayashi ne ya fassara masa. Gaskiya Goncourt ya ambace shi a ciki, bai ɓoye shi ba, amma sunan da ke bango na Bafaranshen ne, shi aka sani, shi aka yaba. Littafin Hokusai ma ya jawo rigima, domin Bing ya fito fili ya ce da kuɗinsa aka tattaro bayanan rayuwar Hokusai a Japan, sai ga shi an riga shi bugawa da Faransanci. Manya biyu suna jayayya a kan wa ya mallaki labarin, wanda ya ɗauko shi daga wannan harshe zuwa wancan yana tsaye a tsakiya.

Goncourt ya rasu a 1896, ya bar wasiyya cewa kada a kai kayansa gidan tarihi, a yi gwanjonsu domin wasu masu sha'awa su ɗanɗani daɗin da ya ji lokacin da yake sayensu. An yi gwanjon a 1897, kuɗin ya shiga cikin asusun da aka kafa kyautar adabi ta Goncourt, wadda aka fara bayarwa a 1903. Ita ce Mohamed Mbougar Sarr na ƙasar Sanigal ya ci a 2021. Abin ya ba ni mamaki da na gano cewa a cikin tushen wannan kyauta akwai kuɗin takardun da ake saya a farashin kwanon taliya.

Shaho Goma Sha Biyu

Ba tsofaffin kaya kaɗai Hayashi ya damu da su ba. Ya ga yadda maƙeran Japan ke cika kasuwar Turai da tagulla mai tarkacen ado, dodo a kan dodo, suna zaton abin da Bature ke so ke nan, alhali kasuwar ta fara gundura. A 1886 ya rubuta wa masu zubin garinsu Takaoka doguwar shawara a kan haka. Bai tsaya ga baki ba. Domin baje kolin Shikago na 1893 ya tsara wani aiki ya ba gwanin zubi Suzuki Chokichi: shaho goma sha biyu na tagulla, kowanne da girman shaho na gaske, kowanne da tsayuwarsa a kan sanda, wani ya buɗe fiffike, wani yana gyaran gashi, wani ya zuba ido. Suzuki ya kiwata shaho masu rai yana nazarinsu, aikin ya ci shekaru. Launin gashin tsuntsayen daga gaurayen ƙarafa ya fito, zinariya da azurfa da jan ƙarfe, dabarar da maƙeran takubba suka gada. Wato sana'ar da dokar 1876 ta kusa kashewa ita ce ya nema wa sabuwar hanya. Tsuntsayen suna nan a gidan adana sana'o'in hannu na ƙasa da ke Kanazawa, kuma a 2019 gwamnatin Japan ta sa su cikin muhimman kayan gadon ƙasa. A 1894 kuma ya ba gidan tarihi na Louvre kyautar tarin faifan takubba. Shi ne kuma yana cikin waɗanda suka ba wani saurayi, Kuroda Seiki, da ya zo Faris karatun lauya, shawarar ya koma zane. Kuroda ya zama jagoran zanen zamani a Japan.

Ɗaukaka Da Zargi

Domin baje kolin Faris na 1900 gwamnatin Japan ta naɗa Hayashi babban jami'in da zai kula da sashenta. Ba a saba ba ɗan kasuwa irin wannan muƙami ba, kuma tun daga nan hassada ta fara. Ya yi aikin da ya burge Turawa. An gina rumfa mai siffar wani tsohon gidan bauta na Horyuji, aka kawo kayan tarihi na gaske daga fada da gidajen bauta, aka kuma buga tarihin fasahar Japan na farko da gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Da Faransanci ya fara fita kafin Japananci. Faransa ta ba shi lambar girma. Amma 'yan kasuwar Japan da suka kawo kaya ba su samu cinikin da suka sa rai ba, suka yi saɓani da shi, suka koma gida suna zaginsa, jaridu suka ɗauka. A hankali aka haɗa masa da wani laifin da ya fi wannan nauyi: shi ne mutumin da ya kwashe zanen ƙasa ya sayar wa baƙi. Aka riƙa kiransa maci amanar ƙasa, sunan ya bi shi har bayan ransa.

A ganina wannan zargi yana da rauni a wani gefe, yana da ƙarfi a wani. Hayashi bai ƙwaci komai ba, saye ya yi daga hannun masu son sayarwa. Mu 'yan Nijeriya mun san bambancin. A watan Fabrairu na 1897, lokacin da shagonsa ke tsakiyar cin kasuwa, sojojin Ingila suka shiga birnin Benin suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa daga fadar Oba Ovonramwen, suka kore shi zuwa Kalaba, kayan suka watsu a gwanjon Landan har zuwa Barlin. Sai a 2022 Jamus ta sa hannu kan mayar wa Nijeriya mallakar fiye da 1,000 daga cikinsu. Wancan ganimar yaƙi ce. A shekarar 1897 ɗin ce kuma Japan ta kafa dokar kare kayan tsofaffin gidajen bauta, amma dokar ba ta kula da takardun zane ba, domin har lokacin manyan ƙasar ba su ga abin karewa a cikinsu ba. Waɗanda suka zage shi daga baya, sai da Faris ta sa wa kayan farashi sannan suka gane nasu ne. Duniya rawar 'yan mata, in ji Bahaushe, na gaba ya koma baya.

Amma kuma ba zan wanke shi tas ba. Tsohuwar da ta fito da damin takardun kakanta a Tokiyo ba ta san abin da ake biya a titin La Victoire ba. Hayashi ya sani. Bafaranshen da ke saye bai san nawa aka saya ba. Hayashi ya sani. Ribarsa daga wannan rata ta fito, ratar da ke tsakanin mutane biyu da ba sa jin maganar juna. A ƙasar Hausa ma an san yadda aka riƙa kallon tafintan Bature a zamanin mulkin mallaka: ana bukatarsa, ana tsoronsa, ba a cika yarda da shi ba, domin shi kaɗai ya san abin da aka faɗa ta kowane gefe. Masu kare Hayashi kan ce ai fitar da takardun ce ta tsirar da su daga girgizar ƙasa da gobarar da ta cinye Tokiyo a 1923, da kuma ruwan bama-bamai na 1945. Haka abin ya kasance, amma ni ban ɗauke ta hujja ba, tun da bai san za a yi gobara ba lokacin da yake ɗaure kaya. Ko hatimin nan nasa, da yau masana ke amfani da shi wajen gano hanyar da takarda ta bi, in ka duba da kyau tawada ce ɗan kasuwa ya ɗiga a fuskar aikin wani.

Komawa Gida

Bayan baje kolin ya naɗe tabarmar kasuwanci. A 1902 da 1903 aka yi gwanjon abin da ya tara na Japan da Sin a Faris, kuma tsohon abokin gasarsa Bing ne ya tsaya a matsayin masanin kayan. Abin da bai sayar ba shi ne zanen Turawa. Burinsa ya yi wa Japan irin abin da ya yi wa Faransa, ya kai mata Monet da Degas da Pissarro da Renoir, a samu gidan da ɗalibai za su ga zanen Turai da idonsu maimakon kwafi a littafi. A 1905 ya koma Tokiyo da ayyuka kimanin 500. Ya iso ba shi da lafiya, ƙasar kuma hankalinta na kan yaƙin da take yi da Rasha. Ya rasu a watan Afrilu na 1906 yana da shekara 52, ba a gina gidan ba. A 1913 iyalinsa suka aika da mafi yawan manyan zanen zuwa birnin Niyok aka yi gwanjonsu, suka shiga hannun Amurkawa.

Su kuwa takardun Japan, wasu sun komo. Ɗaya daga cikin manyan masu sayen Hayashi shi ne Henri Vever, mai sana'ar gwala-gwalai a Faris. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani attajirin Japan, shugaban wani kamfanin ƙera jiragen ruwa, Matsukata Kojiro, ya sayi dubbai daga tarin Vever, kuma takardu kimanin 8,000 na Matsukata suna gidan tarihi na ƙasa a Tokiyo yanzu. Hoton igiyar ruwa na Hokusai, wanda aka sayar da bugunsa ɗaya a kan fiye da dala miliyan 2.7 a Niyok a 2023, shi ne a bayan sabuwar takardar kuɗi ta yen 1,000 da Japan ta fitar a 2024. Gidan zanen Turai da Hayashi ya so an buɗe shi a Tokiyo a 1959, da kayan Matsukata. A 2019 wannan gida ya shirya nuni da sunan Hayashi, aka baje wasiƙun da abokan cinikinsa na Faris suka rubuta masa, da 'yan abubuwan da suka rage a hannun zuriyarsa.